Gawayi ba ya maye gurbin taki

Tun farkon damina wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp tsakanin masu renon itatuwa, daga Pauwa da Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai kuma nuna gonarsa ba, amma ya rantse cewa duk wanda ya cika leda da dakakken gawayi ya rabu da taki har abada. Ya ce gara ba za ta kusanci dashen ba, mangwaro kuma zai yi 'ya'ya a shekara guda.

Zancen mangwaro shirme ne. Aure ke sa shi saurin 'ya'ya, shi ma sai ya ɗauki shekaru. Gara kuwa ba ta cin gawayi, amma hakan bai hana ta cin saiwar da ke gefensa ba.

Akwai gaskiya a saƙon, shi ya sa ya shiga kunne. A yankin Amazon na Brazil akwai baƙar ƙasa da mutanen da can suka gina da gawayi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har yau tana da albarka. Sai dai mai muryar ya ɓoye rabin labarin: tare da gawayin akwai ƙasusuwa, shara da ragowar abinci. Gawayi yana da ƙananan ƙofofi masu riƙe ruwa da sinadaran abinci, yana kuma rage tsamin ƙasa. A jigawa, inda ruwa ke zurarewa da taki, wannan babban amfani ne.

Inda ɓarnar take shi ne cewa a daina taki. Gawayi rumbu ne, sai abin da aka zuba masa. Yawancin naitirojin da ke cikin kara ko itace ya bi hayaƙi tun wajen ƙonawa. Idan aka zuba sabon gawayi tsurarsa, sai ya tsotse ɗan abincin da ke ƙasar ledar. Bayan makonni kaɗan ganyen ƙasa ya koma rawaya, dashen kashu ko zogale ya tsaya cak. Daga nan mai shi ya firgita ya watsa yuriya, wadda naitirojin ɗinta ya kai kashi 46 cikin 100, saiwar da ke matse a leda ta ƙone. Ban ga laifin wanda ya gaskata ba, kowa ya san yadda kuɗin buhun kamfa ya koma. Laifin na wanda ya tura abin da bai gwada ba ne.

Ga yadda ya kamata a yi: a daka gawayin, a cakuɗa da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na kaji, a yayyafa ruwa, a rufe a inuwa mako biyu zuwa huɗu. Ni dai ba na shawartar ya wuce mudu ɗaya a cikin mudu goma na ƙasar leda. Takin zamani kuma sai dashe ya kafu, ɗan tsunkule a gefen leda, nesa da gindi. Toka daban take, yawanta na ƙona saiwa.

Kada kuma a sare kaɗanya ko ɗorawa don wannan. Totuwar masara, buntun shinkafa da karan auduga sun wadatar, ga su jibge a ƙasar Faskari bayan kaka.