Waƙar "Amazing Grace": Tsakanin Jita-jita da Abin da Takardu Suka Tabbatar

Duk wanda ya zauna a New Bell ko Japoma a Duwala, Musulmi ne ko Kirista, kunnensa ya saba da karin wannan waƙa, ko daga cocin maƙwabta ran Lahadi ko a wurin jana'iza. Labarinta kuma yana yawo a WhatsApp, wai wani mai fataucin bayi ne ya tuba a tsakiyar teku, ya rubuta ta nan take, ya ɗora mata karin da ya ji bayi suna rerawa. Labarin yana ratsa zuciyar mutanen gaɓar nan, domin Bimbiya, kusa da Limbe, tashar lodin bayi ce a da. Amma mai rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa sai ya tankaɗe kafin ya zuba.

Cewa mai fataucin bayi ne ya rubuta ta, gaskiya ne. John Newton ɗan Ingila ya yi kyaftin ɗin jiragen bayi, Duke of Argyle da African, tsakanin 1750 da 1754. Littattafan da ya riƙa rubuta lissafin tafiyarsa suna nan har yau.

Cewa ya tuba ya bar sana'ar nan take, ba haka ba ne. Guguwar da ta kusa kifar da jirgin Greyhound, wanda Newton yake ciki, ta auku a 1748, kuma shi kansa ya ce a ranar ya fara komawa ga Allah. Sai dai bayan wannan ne ma ya zama kyaftin. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku a 1754. Bai fito fili ya la'anci cinikin ba sai 1788, shekara 40 bayan guguwar.

Cewa a cikin jirgi ya rubuta ta, ƙarya ce. An naɗa shi limamin coci a garin Olney a 1764. Ya shirya baitocin ne don wa'azin ranar 1 ga Janairun 1773, aka buga su a 1779 cikin Olney Hymns, littafin da ya haɗa da abokinsa William Cowper.

Zancen kari shi ne mai wuyar sha'ani. Mawaƙin Amurka Wintley Phipps ya yaɗa cewa daga cikin jirgin bayi ya fito, fim ɗin Jeta Amata na 2006 kuma ya kai asalinsa Kalaba. Gaskiya ne karin yana tafiya kan sauti biyar, irin baƙaƙen maɓallan piyano, kamar waƙoƙin Afirka da yawa. To amma tsoffin waƙoƙin Sukotland ma haka suke. Abin da takarda ta nuna shi ne William Walker ne ya haɗa baitocin da karin "New Britain" a Amurka a 1835, alhali Newton ya rasu tun 1807. Ba a san wanda ya ƙago karin ba, kuma babu shaidar Newton ya taɓa jin sa.

Baitin ƙarshe da ake yawan rerawa a yau ma ba nasa ba ne. An ɗauko shi daga wata waƙa daban.

Saboda haka mai maƙala ya rubuta "Newton ya wallafa baitocin a 1779" kai tsaye, tunda littafin yana nan. Zancen Kalaba kuwa ya jingina shi ga mai shi: "fim ɗin Amata ya nuna cewa…". Fim da wa'azi hujja ne kan abin da mutane ke faɗa, ba kan abin da ya faru ba. In aka cakuɗa biyun, ɗalibi zai kwafa, mai wa'azi ya maimaita, jita-jitar ta samu gindin zama da sunan kundin ilimi.