Kibod Da Linzamin Laftof Na Ɗaukewa Suna Dawowa? Ga Yadda Za Ka Gano Matsalar

Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, dillalan hatsi, masu shagon taki da masu shagon buga takardu a Funtua, Malumfashi, Bakori da Dandume kan yi fama da laftof ɗin da kibod ɗinsa da linzamin shafa, wato ɗan filin da ake jan yatsa a kai, suke tsayawa cak sannan su dawo da kansu. Kafin ka biya kuɗin sabon kibod, bi waɗannan matakai.

1. Zare caja. Idan linzamin ya daidaita da zarar laftof ya koma kan batir, laifin caja ne ko wuta. Jabun caja, soket marar wayar ƙasa da wutar ƙaramin janareta duk suna rikita linzamin, domin da ƙaramar wutar jikin yatsa yake aiki. Gwada wata caja ta asali.

2. Raba matsalar gida biyu. Kashe laftof, ka kunna kana danna F10 a HP, ko F2 a Dell, don shiga BIOS. Idan maɓallan kibiya suna aiki a nan ba yankewa, zargi ya koma kan Windows. Idan nan ma suna ɗaukewa, matsalar a jikin na'urar take.

3. Idan Windows ce. Riƙe Shift na dama daƙiƙa 8 yana kunna Filter Keys, wanda ke sa kibod watsi da dannawa mai sauri. Kashe shi a Settings. Duba ko an kashe linzamin bisa kuskure: Fn da F9 a wasu Asus, Fn da F7 a Acer da yawa, ko taɓa kusurwar hagu ta sama sau biyu a tsofaffin HP. Sannan buɗe Device Manager, ka danna I2C HID Device, in akwai Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tattalin batir. Direba kuwa, sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin.

4. Ƙura. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin masara da zaren auduga suna taruwa a ƙarƙashin maɓallai. Kashe laftof, ka kifa shi, ka bubbuga a hankali, ka share da burushi mai laushi. Kada ka sa ruwa ko fetur.

5. Duba batir. A laftof da yawa batir yana ƙarƙashin linzami. Zafin bazara da barin caja dare da rana kan sa ya kumbura ya danne shi. In ka ga linzamin ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki, daina caji nan take, kada ka huda batirin, domin yana iya kamawa da wuta.

6. Igiyar ciki. Idan matsalar tana zuwa ne bayan laftof ya sha girgiza a kan babur, mai yiwuwa siririyar igiyar da ta haɗa kibod ko linzami da babban allo ce ta saki. Mai gyara zai goge bakinta ya mayar. Nemi ya fara da wannan kafin zancen canji.

Kafin a gyara, kibod da linzami na USB za su riƙe ka. Windows, Ctrl da O kuma suna fito da kibod a fuskar kwamfuta. Sannan kwafe lissafin bashi da na buhuna a filash kafin laftof ya bar hannunka.