Yadda Iyali Da Yara Za Su Tara Kuɗin Ceton Dabbobi

Daga Mataimakin Malamin Gona, Gusau

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan dabbobin gida ce, watau awaki da tumaki da kaji da jakuna. Kowa ya sani akuya ita ce bankin talaka. Ita ake sayarwa a yi suna, ko a kai mara lafiya asibiti, ko a sayi taki in damina ta faɗi. Amma ran da akuyar nan ta kwanta, sau da yawa ba a samun abin nema mata magani a gidan. Sai a yi ta kallonta har a sa mata wuƙa, mahauci ya ɗauka da araha. Jaki kuwa in ya tsufa, ko bayansa ya yi gyambo, sai a kore shi bayan gari. Ga kuma 'yan'uwanmu na ƙauyuka da rashin zaman lafiya ya taso zuwa Gusau da Tsafe da Bungudu, waɗansu da 'yan dabbobin da suka tsira da su, ba harawa, ba wurin ɗauri.

To, abin da ya gagari gida ɗaya ba zai gagari unguwa ba. Shawarata ita ce gida goma ko ashirin su haɗu su buɗe asusun dabbobi, kamar yadda mata ke yin adashe.

ME YA SA ZA A YI?

Domin rigakafi ya fi magani, kuma mun ga shaida. Bushiya ta ƙare shanun ƙasar nan wajen 1890, amma da aka dage da allura, a 2011 aka ba da sanarwa cewa an kawar da ita daga duniya ɗungum. Yanzu wadda ta dame mu ita ce annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai kawo majina da zawo da gyambon baki. Allura ɗaya tak tana kare dabba shekara 3 ko fiye. Kaji kuma cutar Niyukasil ke share su da hunturu, alhali akwai maganin rigakafi da ake ɗigawa a ido bayan kowane wata 3 ko 4. Ana yin irin waɗannan magunguna a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924. Ko ran da gwamnati ta ba da allura kyauta, ai akwai kuɗin kai dabba, da na maganin tsutsa, da na abinci. Nan asusu zai yi rana.

HANYOYIN DA YARA ZA SU BI

Na ɗaya, kala. In an gama cirar gyada da roron wake, yara su nemi izinin mai gona su kalaci abin da ya rage. A auna, a sayar, a zuba kuɗin a asusu.

Na biyu, 'ya'yan itace. Da rani gawo yana zubar da 'ya'yansa, masu kiwon turke kuwa suna saye, gama suna sa dabba ƙiba. Bagaruwa kuma majema ke nema don jimar fata.

Na uku, kazar asusu. Kowane yaro a ba shi kaza guda ya riƙa kula da ita. In ta ƙyanƙyashe, ɗan tsako ɗaya ya zama na asusu, saura nasa. Yaron da ya ga kazarsa ta tsira daga annoba saboda ɗigon ido, ba sai an sake yi masa wa'azi ba.

Na huɗu, taki. A share turke kullum, a tara kashin awaki da na kaji a inuwa. Masu lambu na bakin Gulbin Sakkwato, tun daga Gusau har Bungudu, suna bukatarsa.

Akwai kuma aikin da ba ya kawo kuɗi amma yana hana hasara, watau tsince leda a unguwa. Akuya takan haɗiye leda ta cunkushe a tumbinta, tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen maganin da ba zai yi amfani ba.

HANYOYIN MANYA

Magidanta su yi gayya su noma 'yar gayauna guda ta wake ko gyada da sunan asusu. A sayar da tsabar, harawar kuwa a ɗaure ta a kan rumfa. Da kaka harawa tana da araha, da bazara kuwa sai mai hali. Saboda haka a ajiye rabi don dabbobin da aka ceto, rabi a sayar in ta yi tsada. Mata kuma su riƙa ware dusa kaɗan in an yi surfe, ko su zuba abin da ya sauƙaƙa daga cinikin ƙuli-ƙuli.

Kada a raina kaɗan. Misali, in gida 20 suka riƙa zuba Naira 200 kowane mako, Naira 4,000 ke nan a mako, a shekara kuwa Naira 208,000.

YADDA ZA A TSARE KUƊIN

Kuɗin jama'a in ba tsari, shi ke raba zumunci. A naɗa mutum uku: ma'aji, da magatakarda, da dattijo mai sa ido, kada kuwa su zama 'yan gida ɗaya. A sayi littafi, duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta, a karanta wa jama'a kowane ƙarshen wata. Ɗan makaranta ma ya iya riƙon littafin, ya ƙaru da lissafi.

A fara kashewa a kan rigakafi, sa'an nan maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta, kana jiyyar dabbar wanda ba shi da hali, kamar gwauruwa ko maraya ko ɗan gudun hijira. In an tsinci dabba a yashe, a sanar da mai unguwa a yi cigiya tukuna. A ɗaure ta ita kaɗai mako 3 kafin ta gamu da sauran, don kada ta kawo cuta.

A tuna da jaki musamman. A ƙarshen 2018 da farkon 2019 mura ta kashe jakuna da yawa a ƙasar Sakkwato da Nijar, ga kuma masu neman fatarsa, har a 2024 Tarayyar Afirka ta amince a hana yanka jakuna don fata. Jakin da aka huta da shi, aka wanke gyambonsa, aka gyara masa akumari, sau da yawa yakan koma aiki.

GARGAƊI

Kada a aiki yara daji mai nisa neman gawo ko ciyawa, halin da ake ciki ba ɓoyayye ba ne. Kada kuma wannan aiki ya hana su makaranta, ta allo ko ta boko. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, kada yaro ya taɓa ta, kada a feɗe ta, a kira malamin dabbobi. Haka nan karen da ya canza hali yana cizo, a nisance shi. Maganin rigakafi yana son sanyi, wanda ya sha rana a kan tebur a kasuwa ya lalace, saboda haka a nemi na hannun ma'aikatan asibitin dabbobi. Kuma a sani rigakafi na mai lafiya ne, dabbar da ta riga ta kamu jiyya take bukata.

Malamai sun sha gaya mana akwai lada ga mai tausayin dabba. To, ga lada, ga kuma dukiya ta tsira. Unguwar da ta yi niyya ta fara tun kakar bana, tun harawa tana ƙasa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa. Allah ya sa albarka a turakunmu, amin.