Ɗan birni da ɗan bariki: Yadda Hausa ke kiran mutumin gari

Idan aka kira mutum ɗan birni a kasuwar ƙauye, sai ya dubi fuskar mai maganar kafin ya san ko yabo ne ko zagi. Kalmar tana nufin mai tsabtar tufa, wanda ya iya gaisuwa da zama cikin manya, kuma ba a yi masa wayo a ciniki. Tana kuma nufin wanda zai karɓe kuɗin manomi da daɗin baki, ya ɓace a lungu. Shi ya sa dattijo kan gargaɗi ɗansa da zai kai kaya Kano cewa ya yi hattara da 'yan birni.

A asali, birni gari ne mai ganuwa da ƙofofi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar, sannan Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, aka kuma kafa Kasuwar Kurmi a zamaninsa. A cikin ganuwar ake da fada da malamai da marina da dukawa da fatake. Wanda ya tashi a nan yakan san yadda ake magana da basarake, da yadda ake taya kaya ba tare da nuna zumuɗi ba. Kishiyarsa shi ne baƙauye, ko bagidaje idan an so a ƙara zafi, halinsu kuma ƙauyanci da gidadanci. Abin lura, ana iya jifan wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba da ƙauyanci, in dai ya yi abin da bai dace ba a gaban jama'a.

Zuwan Turawa ya haifar da wani gari na daban a bayan ganuwa. Sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi. Kalmar bariki, wadda aka aro daga sunan gidajen soja a Turanci, ta faɗaɗa har ta rufe unguwannin gwamnati da tashoshi da duk wurin da ake zaman albashi nesa da dangi. Daga nan aka samu ɗan bariki da barikanci, wanda ke nufin halin zaman irin wannan wuri, yake kuma nufin gurɓatacciyar Hausar da sojoji na ƙabilu daban-daban ke fahimtar juna da ita.

A nan bambancin yake. Ɗan birni, ko da mayaudari ne, yana da gidan gado da mai unguwar da ya san ubansa. Ɗan bariki kuwa ba mai tsawata masa, domin ba wanda ya san asalinsa a inda yake zaune. Wayonsa ya fi na ɗan birni faɗi, tunda ya zauna da Yarbawa da Ibo da Turawa, amma ba kowa ke son ba shi 'ya ba. Ga mace kuma hukuncin ya fi tsanani. A ce namiji ɗan bariki ne, wani lokaci har da murmushin sha'awa ake faɗa. A ce mace 'yar bariki ce, ko ta shiga bariki, an gama zubar mata da mutunci. Haka yake tsakanin ɗan duniya da 'yar duniya. Wannan rashin adalci ne da harshen ya gada, kuma bai yar ba tukuna.

Kalmar da ta fi kusa da yabo zalla ita ce wayayye. Tushenta ɗaya da wayewar gari, wato hasken da ke korar duhu, kuma daga shi aka samu wayar da kai. Gogagge ma yabo ne, ga wanda ya cuɗanya da mutane har ya san kan al'amura. Duk da haka, idan tsohuwa ta ce wayewa ta yi wa jikarta yawa, ba yabonta take yi ba. Ɗan gayu da ɗan ƙwalisa kuwa a ado da ƙamshi suka tsaya.

Abuja, wadda gwamnati ta koma cikinta a 1991, ba ta da ganuwa, amma ana kiran ta Babban Birnin Tarayya. Mazaunanta dai ba a cika ce musu 'yan birni ba, sai 'yan Abuja, kuma abin da mai faɗa ke nufi shi ne kuɗi da kusanci da gwamnati. A Kano kuwa, mutumin da aka haifa a Hotoro ko Nasarawa, idan ya je neman aure, yakan iya shan tambayar ina ne gidansu a cikin gari.