Birnin Kano Nasu Ne Su Ma: Zaga Gari da Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman

A unguwar Tudun Maliki da ke Kano akwai makarantar gwamnati ta yara masu buƙata ta musamman, inda kurame da makafi suke karatu. Daga can zuwa Gidan Zoo ko marinar Ƙofar Mata ba wata tafiya ce mai nisa ba. Duk da haka, yaro kurma ko makaho zai iya tashi a Kano har ya balaga bai taɓa taka gindin Dala ba, bai san ƙamshin Kasuwar Kurmi ba. Wani iyayensa tsoron mota suke ji masa, wani kunyar idon jama'a ce ta sa aka killace shi, wani kuma babu wanda ya taɓa tunanin cewa yana da wata buƙata a waje. Daga gida sai makaranta, sai asibiti in ciwo ya kama.

Shi ya sa duk ranar da makaranta irin wannan ta ɗebi ɗalibanta a bas don zaga gari, ni a wurina ranar karatu ce, kuma tana iya fin mako guda na aji amfani. Yaro mai ji da gani yana tsintar ilimi mai yawa ba tare da kowa ya zaunar da shi ba. A bayan Adaidaita Sahu yake jin yadda ake ciniki, a bakin kakarsa yake jin sunan Barbushe, a hanya yake ganin ganuwa ya tambaya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma gidaje da yawa ba su iya maganar hannu sosai ba, don haka hirar tsakar gida wuce yaron take yi. Makaho kuwa yana jin kalmomi har ya haddace su, amma sau da yawa babu komai a bayan kalmar. Zai ce maka "badala", ya ce "soro", bai taɓa ɗora tafinsa a kan ko ɗaya ba.

Idan ni aka ba zaɓin wurin farawa, marinar Ƙofar Mata zan zaɓa, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Babu inda ya kai ta ba kowane yaro rabonsa. Tun kafin a ƙarasa, makauniya za ta ji warin baba da toka da suka jiƙa a cikin rijiyoyin rini. A miƙa mata farin zane da aka riga aka ɗaɗɗaure da zare, ta bi ƙullin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ji yadda suka jeru a da'ira, sannan a ba ta wanda aka rina aka kwance, ta ji tattarewar da zaren ya bari. Ta fahimci ke nan yadda ado yake fitowa: inda zare ya matse, rini bai shiga ba. Kurma kuma idonsa ne zai sha kallo. Marini zai tsoma zane ya ɗago, ya fito kore-kore, yana shan iska yana rikiɗewa zuwa shuɗi a gaban kowa. Iskar da muke shaƙa ce take haɗuwa da baban ta kama launin a jikin zaren, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa sau da yawa. Darasin kimiyya ne wanda allo ba zai iya nuna shi haka ba. A gefe kuma ga mabuga suna dukan shadda a kan gungumen itace. Makaho zai tsaya yana sauraron yadda bugun yake amsa juna, kurma kuma ya dafa ƙarshen gungumen ya ji shi yana ratsa hannunsa.

Sai dai rijiyoyin nan a buɗe suke, a daidai ƙasa, kusa da juna. A nan ne ake gane ko malamai sun yi shiri. Ƙa'idar jagorar makaho ita ce shi ya riƙe hannun mai jagora a saman gwiwar hannu, ya biyo shi da ratar rabin taku, ba a ja shi da sanda ko a tura shi ta baya ba. Kuma a riƙa faɗa masa abin da ke gaba: rami a damanka, matakala uku za mu sauka.

A Gidan Makama, wanda shi ma gini ne na ƙarni na 15 kuma yanzu gidan tarihi ne, matsalar daban ce. Dokar gidajen tarihi ita ce a kalla da ido, kada a taɓa, kuma tana da hujja, domin gumin hannu yana lalata tsofaffin kaya. To amma ginin kansa abin taɓawa ne: kaurin bangon ƙasa, sanyin ɗaki da tsakar rana, zanen da magina suka fitar a jikin katanga, azarar da ta riƙe rufi. Idan makaranta ta sanar da zuwanta da wuri, ba abin wahala ba ne a tanadi kwatankwacin wasu kayan, kamar akushi, linzami, kwari da baka, waɗanda yara za su juya a hannu. Ga kurame kuwa, mai bayani ya san cewa yaro ba zai kalli tafinta ya kalli kaya a lokaci ɗaya ba. A yi bayani, a dakata ya duba, sannan a ci gaba. Tafinta ya tsaya inda haske yake faɗa masa a fuska da hannu, domin ɗakunan gargajiya suna da duhu. A kuma lura da cewa harshen hannu ba ɗaya ba ne. Wanda ake koyarwa a makarantun Nijeriya ya samo asali ne daga na Amurka, ta hanyar Andrew Foster wanda ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, yayin da kuramen Kano suke da tasu maganar hannu tun da daɗewa. Yaron da ya haɗu da dattijo kurma mai sana'a a cikin gari, suka gaisa suka fahimci juna, ya ga abin da zai iya zama.

Dutsen Dala shi ne inda zuciya take sosuwa. Matakala ce tun daga ƙasa har sama, kuma mai keken guragu ba shi da hanya. Abin da bai kamata a taɓa yi ba shi ne a bar shi a cikin bas da direba, abokansa suna can sama suna hango Goron Dutse. Ko dai a tsara masa wani abu na gaske a gindin dutsen tare da wasu abokansa, ko a tambaye shi tun a makaranta ko ya yarda a ɗauke shi, a kuma girmama amsarsa. Yara masu galahanga su ma suna da nasu lissafin. Hayaniya da cunkoson lungunan Kurmi na iya birkita su, don haka a nuna musu hotunan wuraren tun kwanaki kafin tafiya, a faɗa musu me zai biyo bayan me, a shiga kasuwa da hantsi kafin ta cika.

Akwai kuma mutanen gari. Ba abin mamaki ba ne wani bawan Allah ya hango jerin yara makafi cikin kayan makaranta, ya ce "Allah sarki", ya zaro naira ɗari ya cusa wa ɗaya a hannu. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma yaron ya fito ne a matsayin ɗalibi, an mayar da shi mabaraci. Malamin da ya san aikinsa zai ce cikin ladabi, "Baba, mun gode, Allah ya saka, amma karatu suka fito. In da hali, ba su labarin unguwar nan." Kano gari ne da ya daɗe da ba naƙasassu matsayi, har da sarautu irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu. Abin da ya rage shi ne ido ya saba ganin yaran nan da jakar littattafai.

Doka ma tana bayansu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar shiga ga kowa. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa, kuma tun 2010 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashe na 30 nata ya ambaci haƙƙin shiga gidajen tarihi da wuraren yawon buɗe ido. Amma duk wanda ya tura keken guragu a titunan biranenmu ya san nisan da ke tsakanin takarda da ƙasa: kwatami a buɗe, motoci a kan hanyar ƙafa, gadar masu tafiya mai dogayen matakala, banɗakin da keke ba ya shiga ƙofarsa.

Saboda haka ya kamata malami ɗaya ya bi hanyar tun kafin ranar, ya ga inda bas za ta tsaya, inda akwai inuwa, inda za a yi alwala da kama ruwa. Kowane yaro a rataya masa kati mai sunan makaranta da lambar wayar malami, musamman wanda ba zai iya yi wa baƙo bayanin kansa ba. Bayan an dawo, kurame su zana abin da suka gani, makafi su rubuta nasu da rubutun makafi, a kuma tambaye su duk inda suka sha wahala. Jerin wuraren da keke ya maƙale da inda aka rasa tafinta, a rubuta shi da sunan ɗalibai, a kai wa masu kula da wuraren da ma'aikatar ilimi, tare da ranar da makarantar take son dawowa a zango mai zuwa.