Albashin Ma'aikaci a Hannun Maigida

Yau za mu yi magana da masu gidajen burodi, masu buga bulo, da masu makarantun kuɗi a nan Karu. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, man janareta kuma yana cinye riba. Ƙarshen wata maigida yakan zauna yana lissafi: ya rage ma'aikata ne, ko ya ƙara farashi, ko kuwa ya riƙe albashi sai wata mai zuwa? Na ukun nan ya fi sauƙi, shi ne kuwa ya fi muni.

A 2024 gwamnati ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yawancinmu ke nan. To, Littafin Firistoci 19:13 bai ƙidaya ma'aikata ba, ya dai hana hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannunmu.

Ku duba Nehemiya sura 5. Da nauyi ya yi wa jama'a yawa, daga kansa ya fara ragi: shekara 12 yana gwamnan Yahuza bai karɓi rabon abincin gwamna ba, ga kuwa mutum 150 suna ci a gidansa.