Baƙin Faifan Nirvana da Waƙar da Ta Yi Shekara Takwas a Ɓoye

 Yau sai ku gyara zama, tafiyar mai nisa ce. Za mu ƙetare teku har arewa maso yammacin Amurka, jihar Washington, ƙasar hadari da yayyafi da dogayen itatuwa.

Akwai wani faifai nan a gabana. Da rediyo na nuna hoto, da kun ga abin da nake gani: baƙi ne ƙirin. Ba hoton mutum, ba zane, ba ado. Suna ɗaya kawai aka rubuta a tsakiya da ruwan azurfa, Nirvana. Ya fito a ƙarshen watan Oktoba na 2002, kuma irin faifan nan ne da ake tsinto fitattun waƙoƙin mawaƙi a haɗa su wuri guda. Wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai kaset ya ce a zaɓo masa masu daɗin a cika masa kaset ɗaya, ya san abin da nake nufi. Bambancin shi ne nan kamfani ne ya yi zaɓen, da lauyoyi, da magada. Mai waƙoƙin kuwa ya shekara takwas da rasuwa.

Bari in gaggauta ba ku asalin, don ba shi ne ya kawo mu ba. Kurt Cobain, mai rera waƙa da kaɗa jita, an haife shi a 1967 a Aberdeen, wani ƙaramin gari na masu yankan katako. Shi da abokinsa Krist Novoselic, wani dogo mai kaɗa jitar nan mai kaurin murya, suka kafa ƙungiyar a 1987. Sun yi ta canza makaɗan ganga har Dave Grohl ya shigo a 1990 ya zauna daram. Kiɗansu reshe ne na rok, na 'yan gefe, samarin da suka taso a ƙananan gidajen rawa da ƙananan kamfanoni, ba ruwansu da ƙyale-ƙyalen manyan taurari. Kundi uku suka yi a situdiyo: Bleach a 1989, Nevermind a 1991, In Utero a 1993. Na tsakiyan nan ne ya girgiza duniya, har a watan Janairun 1992 ya ture kundin Michael Jackson mai suna Dangerous daga matsayi na ɗaya a jerin Billboard. To, asalin ke nan.

Amma ku tsaya in ba ku wani lissafi da nake so ƙwarai. Kundinsu na farko, Bleach, kuɗin ɗaukarsa dala 606 ne da santi 17. Ku ji fa, har da santi 17 ɗin, domin an rubuta adadin a bangon kundin. Kuma ko wannan ba su da shi. Wani saurayi mai suna Jason Everman ne ya biya daga aljihunsa, su kuma suka saka masa da rubuta sunansa a matsayin makaɗin jita, alhali ko tsirkiya ɗaya bai taɓa ba a kundin. Ya ɗan yi yawo da su, suka rabu, daga baya ya shiga sojan Amurka har ya kai rundunar zaratan. Dala 606 da santi 17. Ku riƙe wannan adadi, domin nan gaba kaɗan za ku ji ana gaban alƙali a kan dukiyar miliyoyi ta ƙungiyar da ta fara da bashin wannan ɗan kuɗi.

(Kiɗa)

Yanzu mu je inda zuciyata take a wannan labari.

Ƙarshen watan Janairun 1994. A arewacin birnin Seattle akwai wani situdiyo na wani mutum, Robert Lang, wanda ya haƙa shi cikin tudu a ƙarƙashin gidansa, ya daɓe shi da duwatsu. Nirvana suka kama wurin na kwana uku, daga 28 zuwa 30 ga wata. Ranar farko Novoselic ya zo, Grohl ya zo, Kurt shiru. Rana ta biyu, shiru. Su biyun ba su zauna hannu rabbana ba, suka yi ta gwada wasu waƙoƙin da Grohl ya rubuta da kansa, waɗanda wasunsu daga baya suka ɓulla a sabuwar ƙungiyarsa, Foo Fighters. Sai ranar ta uku, Lahadi, Kurt ya iso.

A lokacin kowa na kusa da shi ya san ba lafiya. Ciwon ciki ya daɗe yana cinsa, hodar nan ta heroin ta kama shi kamun kazar kuku, suna kuma ya zame masa kaya. Amma da ya rataya jita, cikin ɗan lokaci suka kammala waƙa guda. Ita kaɗai suka gama a wannan zama. Sunanta You Know You're Right.

Ba sabuwa ba ce fil. Sun taɓa yin ta a gaban jama'a a Chicago, ranar 23 ga Oktoban 1993, wani ya ɗauka a ɓoye, kaset ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, masu sayarwa suna laƙa mata sunayen da suka ga dama tunda ba wanda ya san na gaskiya. Amma ta situdiyo, mai tsabta, wadda ake jin numfashin mai waƙa, wannan tef ɗaya ne a duniya.

Daga nan suka tafi Turai. Ranar 1 ga Maris suka yi wasa a Munich ta Jamus, wanda ya zama na ƙarshe. Bayan kwana uku aka kwashi Kurt ranga-ranga zuwa asibiti a birnin Rum. Ranar 5 ga Afrilu ya kashe kansa a gidansa da ke Seattle, ba a ga gawar ba sai ranar 8. Shekararsa 27. Ya bar mata, Courtney Love, ita ma mawaƙiya ce, da 'yarsu wadda ba ta cika shekara biyu ba.

Ba na son in wuce wannan wuri da gudu. Duk wanda ke saurarona yanzu yana ɗauke da damuwar da ta fi ƙarfinsa, ko yana da ɗan'uwa da shaye-shaye ya riƙe, don Allah a yi magana, a nemi likita, a nemi na kusa. Wannan mutum yana da kuɗi, yana da masoya a kowace nahiya, kuma ciwon bai duba ko ɗaya ba.

To, tef ɗin fa? Novoselic ne ya tafi da shi gida, ya ajiye a ɗakin ƙasa. Shekaru yana nan. Ku kwatanta da kanku: abokinka na ƙuruciya ya rasu, muryarsa ta ƙarshe tana cikin kwali ƙarƙashin ɗakin da kake kwana. Ka saurara, ciwo. Ka fitar, a ce kana cin kasuwa da mamaci. Ni dai in na tuna wannan kwali sai jikina ya yi sanyi.

(Kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna labarin baƙin faifan Nirvana na 2002 ne, da waƙar da ta yi shekara takwas a ɓoye.

Sai rabon gado ya taso, kuma kun san gado ba ya barin zumunci yadda ya same shi. A 1997 an kafa kamfani guda da zai riƙa kula da dukiyar Nirvana, mutum uku a ciki: Novoselic, Grohl, da Courtney Love a madadin magadan Kurt. Da 2001 ta ƙarato, shekara goma ke nan da fitowar Nevermind, abokan biyu suka shirya fitar da babban akwati mai faifai da yawa, cike da tsofaffin ɗauka da gwaje-gwajen da ba a taɓa ji ba, su sa waƙar ƙarshen a ciki. Courtney ta ce ba da ita ba. Ta garzaya kotu, ta nemi a rushe kamfanin ma gaba ɗaya, aka dakatar da fitar da waƙar.

Hujjarta ita ce, waƙa irin wannan ba a binne ta cikin akwati mai tsada wanda sai riƙaƙƙun masoya ne za su saya. A sa ta a faifai guda, tare da fitattun, yadda kowane yaro zai iya kai hannu. Misalin da ke gaban kowa a lokacin shi ne faifan Beatles mai suna 1, wanda ya fito a 2000 ya yi kasuwa ta fitar hankali. Su kuma abokan suna ganin su ne suka yi gumin, su ne suka kwana cikin mota da shi tun ba a san su ba, yaya za a hana su yanke shawara a kan kiɗan da hannunsu ya kaɗa? An yi musayar kalamai masu zafi, a takardun kotu da a jaridu, waɗanda ba sai na maimaita su ba.

An daɗe ana jifan matar nan da munanan maganganu, amma a wannan gaɓa ni ina ganin ta fi su hango nesa. Ba na ce babu lissafin kuɗi a ciki ba, akwai shi a kowane ɓangare. Amma da an bi ta abokan, da yawancinmu da ke nesa ba mu taɓa jin waƙar ba.

Suna cikin wannan ja-in-ja, a watan Satumban 2002, sai waƙar ta sulale ta faɗa intanet. Kafin ka ce kwabo gidajen rediyon Amurka sun fara sa ta ba da izinin kowa ba. Kusan a daidai lokacin aka sanar an yi sulhu. Faifai guda zai fara fita, akwatin ya biyo baya. Haka kuwa aka yi: baƙin faifai a Oktoban 2002, ya shiga jerin Billboard a matsayi na uku, akwatin kuma, With the Lights Out, sai a Nuwamban 2004.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko faifan nan yau. Waƙa 14 ce a wanda aka fitar a Amurka, kuma kusan duka an jera su bisa shekaru, daga ƙuruciya zuwa girma. Sai guda ɗaya da aka cire daga layi. Wadda aka yi ƙarshe ita aka sa farko. Kana danna maɓalli, abin da zai fara shiga kunnenka shi ne wata siririyar ƙara kamar ta ƙaramar ƙararrawa, daga jita take fita. Sai ganga a hankali. Sai murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa a ɗaki. Sannan komai ya fashe, ya kama kalma ɗaya yana ja, yana ja, har ka ji maƙogwaronsa na neman tsagewa. Tana ƙarewa, ba ka gama dawowa hayyacinka ba, sai ga About a Girl, waƙar 1989, ta zamanin dala 606 ɗin nan, mai taushi, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗoriya yana waƙar budurwarsa. Daƙiƙa biyu ne tsakaninsu a faifai. A rayuwarsa shekara biyar ce, kuma duk abin da ya same shi yana cikin wannan ɗan shirun. Na saurari wannan mahaɗa ban san sau nawa ba, har yau ba ta daina taɓa ni ba.

Ina da ƙorafi kuma, ba zan ɓoye ba. Faifan bai cika minti 50 ba, alhali CD na ɗaukar kusan 80. Daga Bleach waƙa ɗaya tak aka ɗauko, ita ma mafi laushinsu. Huɗu daga Nevermind, ciki har da Smells Like Teen Spirit da Come as You Are, huɗu daga In Utero. Amma Nirvana mai hayaniya, mai kaushi, wadda ke farfasa kayan kiɗa a dandamali, an bar ta a waje kamar baƙon da ake kunyar nunawa. Babu waƙar School, babu Aneurysm. Wanda ya san su ta wannan faifai kaɗai zai ɗauka mutane ne masu ladabi da ke ɗaga murya jefi-jefi. An yi musu wanka, an shafa musu mai, kuma ina shakkar Kurt zai yarda da wannan kwalliya, mutumin da ya nemo mai ɗaukar sauti Steve Albini takanas don In Utero ya fita da ƙazantarsa.

Ana nuna mini agogo ta bayan gilashi, don haka sauran sai a gurguje. Akwai Pennyroyal Tea, wadda aka shirya fitarwa ita kaɗai a Afrilun 1994 aka janye saboda rasuwar. Makaɗan ganga uku ne a faifan, Chad Channing, Dan Peters da Grohl, mai kunne zai bambance su. An rufe da waƙoƙi biyu daga zaman shirin talabijin na MTV Unplugged na 18 ga Nuwamban 1993 a New York, inda suka zauna cikin kyandir da furanni da jitar katako, ta ƙarshen ma ba tasu ba ce, ta David Bowie ce, The Man Who Sold the World. Na so in ba ku labarin wannan dare, sai wani makon in Allah Ya kai mu.

Ga minti uku da rabi da suka rage mana. Mai kula da na'ura, sa mana ta farko a faifan. Ranar Lahadi ce, 30 ga Janairun 1994, a ɗakin dutse ƙarƙashin tudu, arewa da Seattle. A ƙara murya kaɗan, don farkonta a hankali yake.

(Kiɗa)